'Yata ta daina cin abinci don ta rame: in taya ta ko in hana ta?

"Assalamu alaikum Likita. 'Yata mai shekara 15 ce ta saka ni a damuwa. Cikin shekara biyun nan ta yi jiki sosai, tsawonta mita 1.60, nauyinta kilo 64. 'Yan ajinsu na tsokanarta, a gida ma ƙannenta da kawunta ba su bar ta ba. Wata uku ke nan ba ta karyawa, da daddare sai ta ce ta ƙoshi, kwanan nan kuma na tsinci shayin rage ƙiba a jakarta. Ni kaina ina so ta ragu, domin ciwon suga ne ya yi ajalin mahaifiyata. In taya ta ne da tsarin rage cin abinci ko in hana ta? Kuma wane motsa jiki ne ya dace da ita?"

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan mahaifiyarki, ya raya miki yaran.

Tambayarki ta haɗa abu biyu da ya kamata a raba su. Na farko, ko nauyin yarinyar ya kai matakin da zai cutar da lafiyarta. Na biyu, abin da ta shiga yi wa kanta cikin wata ukun nan. Na lura hankalinki ya fi karkata ga na farkon, kuma da tarihin gidanku ba laifinki ba ne. Ni kuwa na biyun ne ya fi tsaya mini a rai. Ciwon suga, in ma zai zo, yana buƙatar shekaru. Yarinyar da ke ƙin abinci a ɓoye tana shan abin da ba ta san haɗinsa ba, wata shida sun isa su kai ta gadon asibiti.

Me kilo 64 ke nufi a shekara 15?

Ma'aunin da muke fara dubawa shi ne BMI. Ana raba nauyi da tsawo sau tsawo: 1.60 sau 1.60 ya ba da 2.56, a raba 64 da shi a sami 25. A babba, 25 ita ce bakin iyakar nauyin da ya wuce kima. Amma ba a yi wa yaro hukunci da lissafin manya, domin jikinsa na canzawa kowace shekara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jadawalin girma na 'yan shekara 5 zuwa 19 a 2007, kuma a jadawalin, yarinya mai shekara 15 cif tana shiga sahun masu nauyi fiye da kima ne daga wajen 23.5, ba a kiran abin ƙiba ta cuta sai ya haura 28. Wato 'yarki ta ɗan haura layin farko, tana kuma nesa da na biyu.

Ko wannan ma ba ya faɗin komai shi kaɗai. BMI bai san bambancin tsoka da ƙashi da kitse ba, bai san ginin jikin danginku ba, bai kuma san inda yarinya ta fito ba. Wadda tun tana ƙarama take bin layi ɗaya a saman jadawali daban take da wadda ta yi tsalle cikin shekara guda. Shi ya sa in da tsofaffin awo a katin asibiti ko na makaranta, ki nemo su, sun fi awon yau amfani.

Sai kuma balaga. Kusan rabin nauyin da mutum zai yi idan ya girma, a shekarun samartaka da 'yanmatanci yake tara shi. 'Ya mace takan fara balaga tsakanin shekara 8 da 13, tsawonta ya yi gudu a wajen 11 zuwa 12, bayan fara al'ada kuma tsawon ya lafa, jiki ya shiga ajiye kitse a ƙugu da cinya da ƙirji. Wannan ajiyar halitta ce, ba sakaci ba, kuma in babu ita al'ada ma ba ta tafiya daidai. Namiji kuwa tsoka da faɗin kafaɗa yake ƙarawa. Yawancin 'yan matan da ake kawo mini da kukan "ta yi jiki cikin shekara biyu", wani kaso mai yawa na jikin na balaga ne, babu dai wanda ya zaunar da su ya gaya musu haka zai faru.

Ba ina cewa ƙiba a yara tatsuniya ba ce. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna a 1990 kashi 8 cikin ɗari na 'yan shekara 5 zuwa 19 ne ke da nauyi fiye da kima, zuwa 2022 ya kai kashi 20, sama da yara miliyan 390, miliyan 160 daga cikinsu ƙibar ta kai ta cuta. Tarihin suga a dangi ma gaskiya ne yana ƙara haɗari. Abin tambaya shi ne hanyar da ke kai yarinya ga lafiya ba tare da an ɓata mata alaƙarta da abinci ba.

Dalilin da ba na rubuta wa matashi takardar yunwa

Jiki ba ya bambance yunwar da mutum ya ɗora wa kansa da yunwar fari. A 1944 zuwa 1945, Ancel Keys ya yi wani shahararren gwaji a Jami'ar Minnesota ta Amurka da samari 36 lafiyayyu da suka ba da kansu. An rage musu abinci da kusan rabi na wata shida, suka zubar da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Ramar ba ita ce abin mamaki ba. Mutanen sun koma ba su da zance sai na abinci, wasu suna tara littattafan girki, ga saurin fushi, ga ƙunci, ga jin sanyi. Da aka sake su, da yawansu sun riƙa cin abin da ya fi ƙarfin cikinsu ba sa iya tsayawa. Waɗannan ƙarti ne da suka gama girma. Ki auna yarinyar da ƙashinta da ƙwaƙwalwarta ke kan ginuwa.

Abin da nake gani a ɗakin duba marasa lafiya ƙaramin wannan ne. Yarinya ta fita ba ta karya ba, ta daure a makaranta da ruwa, la'asar na yi yunwa ta kama ta, ta afka wa abin da ya fi kusa, galibi mai zaƙi ko soyayye. Sai nadama, sai ta ƙi abincin dare don ta rama, gobe a sake. A ƙarshe ba ta ci ƙasa da da ba, ta dai ci mafi muni, ta kuma ƙara tsanar kanta.

Bincike ya bi wannan sawun. Dianne Neumark-Sztainer da abokan aikinta, su ma a Minnesota, sun bi dubban matasa na shekaru, suka ga waɗanda ke hana kansu abinci don ramewa sun fi takwarorinsu ƙara nauyi bayan shekara biyar, sun kuma fi faɗawa cin abinci ba sarrafawa. A Ostareliya, binciken George Patton da aka buga a 1999 kan 'yan shekara 14 zuwa 15 ya nuna 'yan matan da suka tsananta hana kansu abinci sun ninka waɗanda ba sa yi sau 18 wajen kamuwa da cutar rikicewar cin abinci, masu yi tsaka-tsaki kuma sau 5. Saboda irin wannan ne ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawara a 2016 cewa iyaye su guji sa matasa tsarin yunwa, su daina zancen nauyi da tsokana a gida, su yawaita cin abinci tare. Garin neman gira kada a rasa ido.

Akwai kuma abin da yunwa ke sacewa wanda ba a maido shi da sauƙi. Kaso mai girma na ƙarfin ƙashin mutum a shekarun nan ake gina shi, shi ya sa a Amurka ake ba da shawarar kalsiyam miligiram 1,300 a rana ga 'yan shekara 9 zuwa 18, fiye da na mai shekara talatin. Yarinya mai al'ada tana zubar da sinadarin ayon, wanda jiki ke haɗa jini da shi, kowane wata, tana buƙatar wajen miligiram 15 a rana. In ta rage ci, ƙarancin jini ne ke fara sallama: kasala, jiri, ciwon kai, karatu ya ƙi zama.

Shayin kuwa, ki raba ta da shi yau. Yawancin irinsu ganyen filasko ne a ciki, ko wani abin da ke sa zawo da yawan fitsari. Abin da sikeli ke nuna ya ragu ruwa ne da bayan gida, kitse yana nan inda yake, domin kafin abinci ya isa babban hanji inda maganin ke aiki, jiki ya riga ya tsotse abin da zai tsotsa. Abin da ke bin zawon ya fita shi ne fotashiyam, wanda bugun zuciya ya dogara da shi. An kuma sha kama kayan rage ƙiba da aka rubuta wa "na gargajiya zalla" da sibutiramin a ɓoye, maganin da Turai da Amurka suka janye daga kasuwa a 2010 saboda haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Af, ga masu karatu da matsalarsu kishiyar wannan ce, wato 'yan matan da ke shan ƙwayoyi don su yi jiki: deksametason da ake sha don haka kumburi yake sa wa, da hawan jini, da suga, da raunin ƙashi. Ciwon ɗaya ne, yarinya ce aka sa ta ƙi jikinta.

Yadda za ki tunkare ta

Kada ki fara da shayin a hannu kamar mai kama ɓarawo. Ki sami lokacin da kuke ku biyu, ki ce mata kin lura ba ta cin abinci, kin kuma san ana tsokanarta, hankalinki ya tashi. Sannan ki yi shiru. Shirun nan ya fi wuya, amma a cikinsa ake jin gaskiya. Kada ki ce "ai ba ki da ƙiba", ba za ta yarda ba, za ta ɗauka ba ki fahimta. Kada kuma ki ce "in kin rage kaɗan za su ƙyale ki", wannan goyon bayan masu tsokana ne. Ki tambaye ta me ake ce mata, wa ke faɗa, tun yaushe, me take ji in ta zauna gaban abinci.

Tsokanar gida kuwa a hannunki take, kuma ita ce ta fi zafi, don a makaranta ana tashi, gida kuwa nan ake kwana. Ƙannenta a kafa musu doka. Kawunta a same shi gefe cikin girmamawa, ko mahaifinta ya same shi, a gaya masa wasan ya fara taɓa lafiyar yarinya. Ki duba bakinki ke ma. Uwar da kullum ke tsayawa gaban madubi tana cewa "dubi tumbina" tana karantar da 'yarta ko da ba ta taɓa ce mata komai ba. In ta fara ramewa kuma kada a yi ta yaba mata, yabon ramar yunwa shi ke ƙara ingiza yarinya.

Abincin: a gyara na gida gaba ɗaya

Ba a ware wa yaro ɗaya kwanonsa na masu ƙiba alhali sauran na cin abin da suka ga dama. Tarihin sugan da kika ambata na dukan 'ya'yanki ne, siraran ma ba su tsira ba, don haka gyaran na kowa ne, ba sai an kira sunanta ba.

Matakin farko shi ne ta dawo cin abinci sau uku a rana a kan lokaci, da ɗan abin taɓawa tsakani in ta ji yunwa. Zai yi miki kamar koma baya ne, amma sai jiki ya tabbata abinci na zuwa sannan yake daina wawaso. A kowane zama a sami abin da ke riƙe ciki: ƙwai, wake da danginsa, kifi, nama, madara, gyaɗa. Kayan lambu su ci wajen rabin faranti, hatsi ko sauran abinci mai sitaci ya ci kashi ɗaya cikin huɗu, wanda ba a cire masa dusa ba ya fi. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace a rana ga wanda ya wuce shekara 10. Ba na sa kowa awo da sikeli, ki ɗauka cikin hannu biyar ne a yini.

In za ki canza abu ɗaya tak, ki canza abin sha. Gwangwanin lemo mai mililita 330 yana ɗauke da wajen giram 35 na sukari, kusan ƙaramin cokali tara. Shawarar hukumar ita ce sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na kuzarin da mutum ke samu a rana, wajen giram 50 ke nan ga mai cin kalori 2,000, in an iya rabin haka ya fi. Gwangwani ɗaya ya kusa cinye rabon yini, ga shi sukarin ruwa ba ya ƙosarwa, an sha ne a kan abinci ba a madadinsa ba. Lemon kwali da ake wa kallon na lafiya, da shayin da aka zuba wa cokali huɗu, duk tafiyarsu ɗaya. Ruwa ya zama abin sha na kullum, ɗan itace a ci shi yadda yake maimakon a matse.

Amma kada ki haramta komai. Abin da aka kira haramun a gida shi ake ci a ɓoye a hanyar makaranta. A daina ajiye kayan zaƙi da soye-soyen leda a gida kullum, in ranar ci ta zo a ci tare a fili, ba wanda zai harari wani. Kuma a zauna a ci tare gwargwadon hali, ba waya ba talabijin. A nan ne za ki ga abin da take ci ba tare da kin zama 'yar sanda ba.

Ga wadda nauyinta ya ɗan haura kamar 'yarki, ba na sa burin kilo kaza a wata kaza. In nauyin ya tsaya ko ya sauka a hankali cikin shekara, tana ci tana motsi tana walwala, an ci riba. Sikelin gida ma ki ɗauke shi.

Motsi, barci da waya

Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta a 2020 ita ce 'yan shekara 5 zuwa 17 su sami matsakaicin minti 60 a rana na motsin da ke sa numfashi ya ɗan hau, sannan aƙalla kwana uku a mako su yi mai ƙarfi da wanda ke gina tsoka da ƙashi, irin gudu, tsalle da igiya, ko motsa jiki da nauyin jikin mutum. Ba lallai a yi sa'ar a zama ɗaya ba, tafiya da sauri, hawa bene, keke, aikin gida mai sa gumi, duk suna shiga lissafi. 'Yarki ba ita kaɗai ba ce a baya: binciken da ya haɗa ƙasashe 146 ya nuna a 2016 kashi 81 cikin ɗari na 'yan shekara 11 zuwa 17 ba sa cika wannan, 'yan mata kashi 85.

Wanda ya dace da ita shi ne wanda za ta so ta sake yi gobe. Yarinyar da ake tsokana ba ta son motsi a gaban idon mutane, don haka ku fara da tafiyar minti ashirin ke da ita, ko igiya a cikin gida, a ƙara sannu a hankali. Gaskiyar magana motsa jiki shi kaɗai ba ya sauke nauyi da yawa. Amfaninsa a wani wuri yake: tsokar da ke aiki tana jan sukari daga jini, insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jini, ya fi yin tasiri, ko da sikeli bai motsa ba. Ga mai tsoron ciwon suga wannan ne abin nema. Sai dai a jere abin daidai, ci ya dawo tukuna. Ba a ɗora gudu a kan cikin da ba komai, kuma in kika ga ta mayar da motsin horo, tana yi don ta biya abin da ta ci, ko tana yi a ɓoye da dare, wannan ma alama ce.

Barci kuwa mutane na raina shi. Mai shekara 13 zuwa 18 na buƙatar sa'a 8 zuwa 10. Ƙarancinsa yana ƙara yunwa da kwaɗayin zaƙi washegari. Abin da ke cinye barcin galibi waya ce, kuma wayar na da ɓarna ta biyu. Takardun cikin gida na kamfanin Facebook, mai Instagram, da tsohuwar ma'aikaciyarsa Frances Haugen ta fitar a 2021 sun nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na 'yan matan da aka tambaya sun ce idan suna jin haushin jikinsu, Instagram na ƙara musu. Ki zauna da ita ta nuna miki waɗanda take bi, ba don bincike ba, don ku yi magana kan hotunan da aka gyara da masu tallan shayi da ake biya. Da dare kuma wayoyi su kwana a wajen ɗaki, har da taki.

Ku je asibiti, kuma ga abin da za a duba

Daga nan ba zan iya cewa 'yarki ta kamu da cutar rikicewar cin abinci ko ba ta kamu ba, sai an gan ta an yi magana da ita ita kaɗai. Amma wata uku na tsallake abinci da shan mai sa zawo sun isa dalilin ganin likita cikin makon nan ko na gaba. Kada jikinta ya ruɗe ku. Akwai nau'in anoreksiya, wato cutar ƙin abinci don tsoron ƙiba, da ke kama mai cikakken jiki, nauyinta na nan daidai a jadawali amma zuciyarta da jininta sun galabaita kamar na wadda ta ƙanjame, kuma irinsu ne aka fi makara da su don kowa na yaba musu.

Kafin ku je, ki sa ido. Tana yayyanka abinci ƙanana tana juya shi a faranti ba ya raguwa? Tana girka wa kowa ita ba ta ci? Tana tashi zuwa banɗaki da zarar an gama ci, ta buɗe famfo ya yi ta zuba? Tana sa rigar sanyi alhali kowa na gumi, gashi na zuba a mataji, al'ada ta ɗauke ko ta rikice? Ki faɗa wa likita duk abin da kika gani. In kuwa ta suma, ko tana jin bugun zuciya ba daidai ba, ko ciwon ƙirji, ko amai da jini, ko ta furta cewa rayuwa ta ishe ta, a ranar za a kai ta, ba jira.

A ɗaya ɓangaren, likita zai auna hawan jini da bugun zuciya a kwance da a tsaye, ya duba yawan jini da gishirin jini, saboda tarihin danginku kuma ya duba suga da kitsen jini. Ki duba bayan wuyanta da hammata. In akwai baƙi mai laushi kamar karan-miski wanda ba ya fita da wanka, ba dauɗa ba ce, ki daina sa ta dirza. Na ga yaran da aka goge wa wuya da soso har ya yi ja, alhali alama ce ta jiki ya fara ƙin jin insulin, kuma tana dusashewa in abin ya gyaru. In al'adarta na tsallake watanni tare da ƙuraje masu yawa da gashi a haɓa, a duba matsalar rikicewar sinadaran jikin mace da ake kira PCOS. Ki tafi da duk maganin da take sha, domin wasu, kamar na farfaɗiya da na taɓin hankali da masu siteroyid, suna sa ƙiba. Ledar shayin ma ki tafi da ita, likita ya karanta abin da aka rubuta a jiki. Idan aka tura ku wajen masanin abinci ko likitan ƙwaƙwalwa, ki shiga tare da ita, domin a wannan shekarun maganin da ya fi aiki shi ne wanda iyaye ke ciki.